Cooper Black: Harafi Mai Ƙiba da Bai Iya Rubuta "Ƙiba" Ba

Duk wanda ya taɓa zama a bencin shagon buga kati ana saura mako guda a ɗaura aure ya san yadda cinikin yake tafiya. Mai kati yana tsaye a bayan yaron da ke kan kwamfuta, ya dafa kan kujerarsa, yaron yana gangarawa da jerin salon haruffa a CorelDraw. Siriri ya wuce. Mai lanƙwasa irin na sa hannun manya ya wuce. Can sai wani baƙi wuluk, mai kumatu, ya bayyana ya cika fuskar kwamfutar, nan take mai kati ya ce, "Tsaya nan! Mai kaurin nan za ka sa mini." Bai san sunansa ba, kuma ba abin da ya dame shi ke nan ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sunan salon Cooper Black, kuma ya haura shekara ɗari a duniya.

Ya kamata a tsaya a ƙare masa kallo, domin yawan ganin abu yakan hana a gan shi. Babu kusurwa mai kaifi ko ɗaya a jikinsa. 'Yan ƙafafun nan da haruffan littafi suke tsayawa a kansu, waɗanda a Times New Roman suke sirara kamar tsinke, a nan sun kumbura sun zama dunƙule, kamar an murza curin fura an manna. Farin da ke cikin harafin O bai tsaya a miƙe ba, ya kishingiɗa baya kaɗan. Ɗigon da ke kan i da j ba zagayayye ba ne, ya yi siffar ƙwai, shi ma a karkace. Ƙananan haruffan suna da tsayi, sun kusa kamo manyan, shi ya sa kalma takan fito a dunƙule, ba ta barin fili a sama. Ƙasan haruffan ma bai kwanta ɗaɓas a kan layi ba, yana da ɗan tudu, har mutum ya ga kamar kalmar tana shirin yin tsalle. Waɗannan ƙananan karkace-karkacen su ne ransa. Da an daidaita komai da ma'auni, da ya zama tubali kawai.

Wanda ya zana shi, Oswald Bruce Cooper, an haife shi a jihar Ohio ta Amurka a 1879, ya tashi a garin Coffeyville na jihar Kansas. Bai gama sakandare ba ya shiga maɗaba'a a matsayin yaron shago, irin wanda ke share dalma da wanke tawada. Daga baya ya tafi Shikago, makarantar zane ta Frank Holme, inda ya koyi zanen haruffa a hannun Frederic Goudy, ɗaya daga cikin mashahuran masu wannan sana'a a Amurka. A 1904 ya haɗa gwiwa da Fred Bertsch suka buɗe shagon zanen talla mai suna Bertsch & Cooper. Bertsch ne mai baki, mai nemo ciniki. Cooper shi ne mai alƙalami, mutum mai kawaici da ba ya son a yi ta ambatonsa. Aikinsa na yau da kullum shi ne rubuta kanun talla da hannu, harafi bayan harafi, ga kamfanoni irin su masu motar Packard. Wato dai mai rubutun allon talla ne kafin ya zama wani abu, kuma hannunsa bai taɓa mantawa da hakan ba.

Kamfanin zuba haruffan dalma na Barnhart Brothers & Spindler da ke Shikago ne ya lallashe shi ya mayar da rubutun hannunsa haruffan ɗab'i. Aka fara da wani mai matsakaicin kauri, wanda aka sani da Cooper Old Style. A 1922 aka fito da baƙin, aka kira shi Cooper Black. An ruwaito Cooper da kansa yana cewa ya yi shi ne domin masu maɗaba'a masu hangen nesa waɗanda abokan cinikinsu ba sa gani sai kusa. Maganar ta yi kama da raha, amma bayanin aikin ke nan gaba ɗaya: harafi ne na mai kanti da ke son a hango tallarsa a shafin jarida mai cunkoso, inda kowa ke ɗaga murya.

Masana ɗab'i na lokacin ba su yi maraba da shi ba. Wasu har laƙabi suka yi masa da baƙar barazana. Kasuwa kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya yi farin jinin da ya sa abokan hamayya suka shiga rige-rigen fito da nasu: kamfanin Ludlow ya yi Ludlow Black, Linotype ya yi Pabst Extra Bold, shi kansa Goudy, malamin Cooper, ya zana Goudy Heavyface a 1925 domin kamfanin Monotype ya samu abin da zai tare kasuwar ɗalibinsa. Ba kullum ake ganin malami ya bi sawun almajiri ba.

Akwai dalili na sana'a da ya sa masu maɗaba'a suka riƙe shi, ban da kyan gani. Harafin dalma mai siririn baki yana karyewa, yana cinyewa idan injin ya daɗe yana dukansa. Takardar jarida mai araha tana shan tawada ta baje ta, sai kusurwa mai kaifi ta dakushe, harafin ya fita daga kamanninsa. Wanda aka zana tun farko ba shi da kaifi, me tawada za ta rage masa? Ko ta baje, sai dai ta ƙara masa ƙiba. Wannan juriya ita ce ta bi shi har zamanin da aka daina zuba dalma: yana da sauƙin yankawa a roba ko a kyalle, yana jure bugun injin da tawadarsa ta yi ƙasa, kuma idan rana da ƙurar hunturu suka cinye rabin launin allo, ana iya karanta abin da ya saura.

Cooper ya rasu a 1940, a lokacin da yayin harafinsa ya fara ja baya. Bayan yaƙin duniya na biyu masu zane suka koma wa haruffa miƙaƙƙu marasa ado irin su Helvetica, wanda ya fito daga Suwizalan a 1957. Sai a tsakiyar shekarun 1960 baƙin ya dawo, ta ƙofar da ba a zata ba. A 1966 mawaƙan Beach Boys suka sa shi a bangon faifansu Pet Sounds, fari da rawaya a kan kore, an matse haruffan har suna gogar juna. Sabuwar hanyar tsara rubutu da hoto ce ta ba da damar wannan matsi, domin a zamanin dalma kowane harafi yana zaune ne a kan nasa gungumen, ba ya matsuwa. Sai ga shi matsin ya karɓe shi fiye da kowane salo. Mawaƙan The Doors suka bi a 1971. Kyanwar nan ta zanen barkwanci, Garfield, da shi ake rubuta sunanta. Shagunan buga riga a Amurka suka riƙa sayar da haruffansa ɗai-ɗai ana mannawa da dutsen guga, matasan unguwannin New York na farkon zamanin hip-hop suna rubuta sunayen ƙungiyoyinsu da su a ƙirji. A 2010 mawaƙan The Black Keys suka fitar da faifan Brothers, bangonsa ba hoto ko ɗaya sai rubutu da wannan salo a kan baƙi, kuma bangon ya ci kyautar Grammy.

Misalin da ya fi kowanne nuna ƙarfinsa shi ne na easyJet. Lokacin da Stelios Haji-Ioannou ya kafa kamfanin a 1995, jiragensa suna tashi daga filin Luton kusa da Landan, abin da yake sayarwa shi ne araha. Kamfanonin jiragen sama na lokacin suna yin ado da tambari mai nuna isa da sarauta. Shi kuwa ya ɗauko harafin kantin unguwa, ya haɗa shi da launin ruwan lemo, ya rubuta lambar wayar sayen tikiti ɓaro-ɓaro a jikin jirgin, daga gaba har baya. Kafin mutum ya karanta farashi, siffar haruffan ta riga ta gaya masa cewa wannan jirgin bai fi ƙarfinsa ba. Har gobe sunan kamfanin da salon yake.

A nan ne mai wannan shafi yake rabuwa da wasu matasan masu zane na zamani, waɗanda suka koyi sana'a a intanet suka taso da ƙyamar duk abin da ya yi kama da na kasuwa. A wurinsu Cooper Black harafin mai shayi ne da mai gyaran waya, abin da ƙwararre ba ya taɓawa. To, ai yabo ne suka yi masa ba su sani ba. Allon shago ba a yi shi don a rataye a gidan tarihi ba. An yi shi ne domin wanda ke bayan Adaidaita Sahu, ana gudu, ƙura na tashi, ya ɗaga kai daƙiƙa biyu ya gane cewa a nan ake sayar da abin da yake nema. An yi shi domin dattijon da idonsa ya fara rauni, da yaron da bai daɗe da fara haɗa baƙi ba. Harafi mai kauri da yawa yakan zo da tsawa, kamar umarnin soja. Wannan kuwa yana da kauri amma fuskarsa a sake take, yana kira ba ya tsoratarwa. Samun waɗannan biyun a jiki ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne, kuma shi ya sa kwaikwayonsa da yawa suka mutu shi yana nan.

Ba a ce ya dace da ko'ina ba. Layi ɗaya ko biyu ne iyakarsa. Idan aka cika shafi da shi, ido yakan gaji kafin a kai tsakiya, domin farin da ke cikin haruffan ƙanƙane ne, a ƙaramin rubutu sai ya toshe. Bai dace da sanarwar rasuwa ba, fara'arsa ta yi yawa a wurin. Kuma abin da ya fi ɓata shi a shagunanmu shi ne ja: a kama gefen kalma a miƙe ta don ta cika faɗin kyalle, sai ƙwan da ke kan i ya zama gurasa, kaurin tsaye da na kwance su daina daidaita. Wanda wuri ya yi wa kaɗan, akwai matsattsen samfurinsa da aka yi tun shekarun 1920 domin wannan bukata.

Son da idon Bahaushe yake yi wa baƙi mai kauri bai fara da kwamfuta ba. A ɗauko Alƙur'ani bugun Kano, irin wanda aka ɗauki hoton rubutun hannun gwanaye kamar Sharif Bala Gabari aka buga, a ajiye kusa da bugun ƙasashen Larabawa. Bambancin a fili yake. Namu yana da jiki, alƙalamin an fere bakinsa da faɗi, tawada ta zauna sosai, baƙaƙen sun tsaya da gindinsu, gaɓoɓinsu a dunƙule. Almajirin da ya yi karatu a gaban wutar kara da asuba ya san amfanin wannan kauri. Har ƙungiyar SIL ta zana wa kwamfuta salon ajami a kan wannan hannu na Kano, ta sa masa suna Alkalami. Saboda haka mutumin da ya tashi yana wanke allo, in ya nuna Cooper Black ya ce shi yake so, ba rashin wayewa ba ne. Idonsa yana da tarbiyyar da ta girmi boko. Abin sha'awa ma, kalmar da Hausa take kiran harafi da ita, baƙi, ita ce fassarar rabin sunan salon.

Sai dai a koma shagon nan na farko, domin cinikin bai ƙare ba. Yaron ya zaɓi salon, ya fara bugawa: ɗaurin aure. Harafin farko ya ƙi. Ko dai wani ɗan akwati fanko ya fito a gurbinsa, ko kwamfutar ta aro siririn ɗ daga wani salo ta dasa a gaban masu ƙiba, ya tsaya kamar zakara a cikin raguna. Cooper Black ɗin da ke zuwa tare da Microsoft Office, wanda ta nan ya shiga yawancin kwamfutocin shagunanmu, an tanade shi ne domin harsunan Yammacin Turai. Yana da wasulan Faransanci da na Jamusanci da ƙahonninsu, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Yaron ba shi da lokacin jayayya, ga layi na jira. Sai ya goge ya sa d. Mai kati ya duba ya ce ai kowa zai gane.

Kowa zai gane, gaskiya ne. Amma abin da aka buga ɗari biyar aka raba shi ne "daurin aure", kuma dauri, a Hausa, maganin da ake ɗura wa jarirai ne. A ƙasan katin an jera "manyan baki". A allon makaranta an rubuta "kasa" ana nufin ƙasa, a na asibiti "kafa" ana nufin ƙafa, a na mai haya "daki". Babba yana cike gurbin da kansa domin ya riga ya san kalmar. Yaro ɗan aji biyu fa, wanda malaminsa ya wuni yana nuna masa bambancin k da ƙ a allo? Yana fitowa titi, duk rubutun da ya fi girma, ya fi launi, ya fi kama da na masu iko, yana gaya masa cewa ƙugiyar nan ba dole ba ce. Manyan haruffan titi makaranta ce da ba a tashi daga ita, kuma ta fi aji yawan ɗalibai.

Waɗannan ƙugiyoyi ba daga sama suka faɗo ba. A ƙa'idojin rubutun boko da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, da ɗigo da waƙafi ake rarrabe waɗannan sautuka. A shekarun 1930 ne, zamanin da Rupert East yake jagorantar hukumar talifi a Zariya, aka tsayar da masu ƙugiya. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, ta kai su duk inda ake karanta Hausa. A wancan zamani ƙara harafi ɗaya yana nufin a zana shi, a sassaƙa uwarsa a ƙarfe, a zuba shi a dalma, girma-girma, a yo jigilarsa ta teku. An yi. A yau kuwa tsarin Unicode, wanda kwamfutocin duniya suke bi, ya ba waɗannan haruffa gurbinsu tun farkon shekarun 1990, suna kuma cikin kowace wayar hannu ta zamani. Abin da ya rage zane ne kawai: haruffa takwas, manya huɗu da ƙanana huɗu.

Salon rubutun littafi ya samu masu kula da shi. Andika da Charis na SIL, da Noto na Google, duk suna ɗauke da haruffan Hausa. Giɓin yana wajen haruffan talla, masu kauri da ado, waɗanda su ne jama'a suka fi gani. Nan ma an fara motsi, sai dai daga Kudu: a 2024 rumbun haruffa na Google Fonts ya karɓi Ojuju na Chisaokwu Joboson, da Danfo, wanda wasu matasa masu zane suka ɗauko daga rubutun jikin motocin hayar Legas, kuma dukansu an yi su ne da harsunan Afirka a zuciya. Kowa yana iya saukewa kyauta. Sun nuna cewa ba sai an jira Shikago ko Landan ba. Arewa kuwa, mai masu rubutun bayan tifa da gwanayen zayyana, mai sashen koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ya fitar da manyan masu fasaha, har yanzu a teburin mai saye take zaune.

Kafin a samu wanda zai zauna ya yi aikin, akwai abin da ke hannun kowa. Mai kati yana da ikon cewa ba zai biya ba sai an sa masa ƙugiyarsa, kamar yadda ba zai karɓi kati da aka yi kuskure a sunan mahaifin amarya ba. Yaran shago da yawa sun riga sun iya dabarar: su mayar da kalmar zane, su yanko lanƙwasar saman f ko ta c, su ɗora a kan k. Minti biyar ne. Wanda ya yi sau ɗaya ya adana, ya huta har abada. Ƙungiyoyin masu maɗaba'a da na marubuta za su iya ɗaukar nauyin mai zane guda ya yi cikakken salo mai kauri da taushi, a sake shi kyauta ga kowane shago daga Kano har Damagaram.

Aikin ba na manne ba ne kawai, kuma a nan daɗinsa yake. A siririn salo, ƙugiya 'yar lanƙwasa ce da ake ƙarawa a saman sanda, ba ta damun kowa. A mai ƙiba irin na Cooper babu fili. Sandar ƙ tana da kauri, hannunta na sama ya riga ya miƙo dama, kuma nan ne ƙugiyar take son sauka. In ba a yi hankali ba sai su haɗe su zama dunƙulen tawada. Dole mai zane ya rage tsawon hannun, ko ya ɗaga sandar kaɗan, ya bar farin da zai raba su ko da an hango daga nesa. Ta ɗ tana leƙawa dama, tana neman gogar harafin da ke biye, sai an gyara tazarar da ke tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya: ɗa, ɗi, ɗu, ɗaya da ɗinki. Babban Ɗ da babban Ɓ nasu yana fitowa ne ta hagu, a farkon kalma, inda zai iya sa layi ya yi kamar ya goce. Kuma bakin kowace ƙugiya dole ya ƙare da irin dunƙulen nan na curin fura, ya ɗan karkata kamar ɗigon i, domin wanda ya gan ta a allon mai shayi ya ɗauka tun 1922 take a wurin.